Sawun da Bai Fita Ba

Ranar Litinin, ana idar da la'asar, tsofaffin Ɗakin Taurari suka hau bene kamar kullum don su leƙa Ka'aba. Suka tarar da ƙafafun ƙarfen darbil, madubin hangen nesansu, a tsaye, darbil ɗin kuwa ko sama ko ƙasa. Kafin a kira magariba babu gidan Takari a unguwar Jarwal ta Makka da labarin bai shiga ba, kuma kowane gida ya riga ya zaɓi nasa ɓarawon.

Ɗakin Taurari gini ne na baƙin dutse a kan wani tsauni bayan Jarwal. Tsofaffin unguwa sun ce hafsoshin jiragen ruwan Turkawa ne suka gina shi, suna kallon taurari suna daidaita agogo, su aika wa jiragensu da ke Jidda. Abin da ya kawo mutanen ruwa kan tsaunin da ko raɓa ba ta sauka, su kaɗai suka sani. Da Turkawa suka kaɗe rigarsu, sojojin Sharifi suka girke igwa a wurin. Aka yi shekarar annoba, ya zama wurin keɓe masu ciwo. Bayan nan wani Balarabe ya zuba awakinsa, har yau in rana ta take bangon yakan tuna wa mutane da su. Daga ƙarshe hukuma ta bar wa Takari shi, su ajiye tsofaffin da suka zo hajji da ƙafa, ƙarfi ya ƙare, hanyar gida ta gagara.

Duk wannan kai-da-kawo abu ɗaya ne bai gusa ba, shi ne darbil, madubin hangen nesa na tagulla mai tsawon kamu biyu. Sai dai an sauko da bakinsa daga sama, an ɗaure shi yana kallon Harami. Tsoho ya kafa ido ɗaya, ya ga baƙin mayafin Ka'aba da mutane suna kewayawa, ya share hawaye, ya ba na bayansa wuri. Ga wanda gwiwa ta hana shi sauka, wannan ne ɗawafinsa na yini.

* * *

Washegari da hantsi Shehu Mahmudu, shugaban Takarin unguwar, ya aika aka kira Lurwanu mai bin sawu.

Lurwanu a kan hanya ya girma. Iyayensa sun taso daga ƙasar Kano yana goye, ba su iso Makka ba sai da ya fara gemu. A tsakanin nan ya yi kiwo wurin Larabawan Shuwa, su suka koya masa karanta ƙasa. Yanzu raƙuman da suka ɓace yake nemo wa mutane. Ba ya son surutu, kansa kullum a sunkuye, har ana yi masa tsiya cewa in ka gaishe shi sai ya dubi ƙafarka kafin ya san ko kai wane ne.

Ya tarar da tsakar gidan cike, an yi cirko-cirko, kowa yana hararar kowa. A gindin bango Yunus mai kula da gidan yana zaune, ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa yana kallonsu. Shi ke ɗebo wa tsofaffin nan ruwa, shi ke goya maras ƙafa ya kai shi bene.

"Magana a fili take," in ji Shehu Mahmudu. "Hanya biyu ce ke hawowa nan. Ta gaba, mai shayi yana zaune a bakinta yini guda, ya rantse babu wanda ya sauka da kaya. Ta baya, mai gangarawa wajen hanyar Jidda, na hana kowa takawa. Je ka gani da idonka. Mutum biyu sun hawo, babu wanda ya sauka. Abokan wannan ne." Ya nuna Yunus da haɓa. "Ya ba su, sun zura ta katanga sun bi kan dutse."

"Ɗakin benen yana da makulli?"

"Ina fa! Ya ce wai ba ya kulle wa tsofaffi ɗakin Allah."

Lurwanu ya dubi Yunus. "Ina kake jiya da rana?"

"Na sauka kasuwa sayen gawayi, Yaya Lurwanu. Kowa yana ƙailula na fita, kowa yana ƙailula na dawo."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

Shehu Mahmudu ya yi tsaki, ya ja Lurwanu gefe. Shehu ba mugu ba ne, amma tsoron hukuma ya riga ya cinye shi. "Ranar Juma'a mutumin hukuma zai hawo duba wurin saboda ganin wata. Darbil nasu ne. In ya tarar babu, cewa za a yi Takari ɓarayi ne. Gara mu miƙa mai laifi da kanmu. Ka kuwa san abin da ake yi wa ɓarawo a garin nan."

Lurwanu ya sani. Ya taɓa gani sau ɗaya, bai sake bin ta wurin ranar Juma'a ba. Ya waiwaya ya dubi hannun daman Yunus, wanda igiyar guga ta yi wa kanta.

* * *

Hanyar baya siririya ce, iska ta tara mata lallausar ƙura. Lurwanu ya cire takalmansa ya bi gefe. Layi biyu ne na sawu, duka suna fuskantar ginin, kamar yadda Shehu ya faɗa. Duka kuma takalmi iri ɗaya ne, na fata mai faɗin baki, irin wanda wani attajirin alhaji ya raba wa mutanen gidan sadaka bara. Alhajin bai tsaya auna ƙafar kowa ba, buhu guda ya juye musu. Saboda haka kowa a gidan irinsa yake sawa, har Yunus.

Ya tsuguna ya daɗe. Abu na farko da ya gani bai yi masa daɗi ba, don bai gane kansa ba. Takalmin hagu yana da ɓalli a gefen diddige, kuma ɓallin yana nan a layi na ɗaya, yana nan a na biyu. Ba mutum biyu ba ne. Mutum ɗaya ne ya shiga sau biyu bai fita ba.

Ya bi sawun yana gangarawa har ya kai wani ƙaton dutse da ya tokare hanya. Daga nan ƙasa ta zama tsakuwa zalla, sawu ya ɓace. Ya dawo bai ce wa kowa komai ba, mutane kuwa suka ɗauki shirunsa a kan cewa ya gaskata Shehu.

* * *

Ba Yunus kaɗai ake zargi ba. Matan unguwa sun fi karkata ga Baraka maƙerin tagulla, don kowa ya san ya taɓa taya darbil ɗin.

Lurwanu ya same shi a rumfarsa yana bubbuga buta. Baraka haifaffen Makka ne, Hausarsa takan yi tuntuɓe ta faɗa Larabci.

"Ya akhi, na taya, ban musa ba!" Ya ajiye guduma. "Tagulla ce ta Istambul, babu irinta. Na ce su ba ni in yi musu butoci goma su yi alwala. Suka ce a'a, khalas, magana ta ƙare. Yanzu an ce Baraka ne. Wallahil azim, in ni ne, da tuni ya zama tire."

Lurwanu ya dubi ƙafarsa. Ƙafa ce kamar akushi, ko yatsunsa ba za su shiga takalmin sadaka ba. Ga tumbi, ga haki. Mutumin da ya taka ƙurar can ba shi da nauyi, sawunsa sama-sama yake. Ya sha shayin da aka zuba masa ya yi gaba.

Maza kuwa Malam Abdulganiyyu suke raɗawa. Shi ne limamin masallacin gindin tsaunin, siriri, mai zafin harshe, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa leƙen Ka'aba ta cikin ƙarfen Turkawa ba ibada ba ce, wasa ne.

"Allah ya gafarta Malam, an ce ka ce gara a jefa shi rijiya."

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa," in ji Malam, ko ɗago kai daga littafinsa bai yi ba. "Tsofaffi suna shafa shi suna shafa fuska. Amma da zan ɗauke shi, da rana tsaka zan hau, in kira shaidu, in faɗi hujjata. Ni ba na sanɗa."

Wannan gaskiya ne, duk Jarwal ba a taɓa jin Malam ya yi abu a ɓoye ba, ko atishawa. Kuma yana dogara sanda, sandar tana barin rami duk inda ya bi. Babu ramin sanda a hanyar baya. Lurwanu ya fita ransa a jagule, yini ya tafi, bai samu komai ba sai shayi da wa'azi.

* * *

Ranar Laraba ya koma Ɗakin Taurari ya zauna cikin tsofaffin. Ba tambaya ya yi ta jerawa ba, ya san tsoho in ka matsa masa sai ya tuna da ciwon baya. Ya zauna kawai yana jin hirarsu. Duk sun yi jugum, la'asar ta yi babu inda za su hau. Wasu sun ce aljannun Turkawa ne suka dawo karɓar kayansu. Wasu sun ce tun farko ba su yarda da idon Yunus ba, alhali da safen nan shi ya wanke musu tufafi.

A ɓangaren mata ya ga wata tsohuwa tana dafa koko da tukwane biyu a gabanta.

"Inna, kin yi arziki, har tukunya biyu?"

"Ta Rumasa'u ce, ita ta ba ni ran Lahadi. Ta ba waccan ludayi, ta ba waccan bargo. Na ce ke ko mutuwa kika ji tana zuwa? Ta yi dariya."

Inna Rumasa'u tana can lungu, 'yar ƙaramar tsohuwa, busasshiya, zaune a kan dandaryar ƙasa babu ko tabarma. Lurwanu ya san ta sama-sama, tana sayar da soyayyar gyaɗa a bakin masallaci kafin ƙafa ta fara ba ta wahala. Ƙwaryar abincinta tana gefe, ƙudaje sun rufe ta.

"Inna, ina wuni? Ba ki ci abinci ba."

"Lafiya lau, ɗana. Ba na jin yunwa."

"Ina tabarmarki?"

Ta ce, "Ta tsufa."

Bai ƙara ba. Tsohuwa ta rabar da kayanta ba laifi ba ne, rashin tabarma ma haka. Amma da zai fita ya lura Yunus, daga inda yake zaune, lungun nan yake satar kallo, kuma da suka haɗa ido sai ya yi maza ya sunkuyar da kai.

* * *

Da sassafen Alhamis, lokacin da rana take kwance tana fito da inuwar kowane ɗan rami, Lurwanu ya koma hanyar baya. Ya kwanta rub da ciki ya sa kumatunsa kusa da ƙasa.

Yanzu ya ga bambancin. Layi ɗaya tafiyar mai hawa ce sosai, diddige ya sauka, yatsu su tura ƙura baya. Ɗaya layin kuwa takunsa gajeru ne, a karkace, bakin takalmin ya nutse fiye da diddige, ƙurar kuma an ja ta wajen gangare. Ga shi ya fi ɗaya zurfi, alamar kaya a ka. Wannan ba hawa yake ba. Sauka yake da baya-baya, fuskarsa tana kallon ginin.

Ɓarayin raƙuma suna yin haka, ya sha gani. Amma ɓarawon da ya san dabarar nan ba ya barinta sai ya kai inda ƙasa ba ta riƙe sawu. Wannan kuwa, dab da ƙaton dutsen nan, ƙura tana nan lallausa, sai ya tsaya, ya haɗa ƙafafunsa ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya ci gaba da tafiya kamar kowa. Taku biyu-uku ne kafin tsakuwa, shi ya sa ranar farko suka kuɓuce masa.

Lurwanu ya sa ƙafafunsa daidai inda mutumin ya tsaya, ya ɗaga kai. Ta gefen kafaɗar tsaunin, can ƙasa, ga kan hasumiyoyin Harami suna leƙowa. Ya ƙara taku ɗaya baya, dutse ya rufe su.

Ya tuna ranar da ƙanen mahaifinsa zai koma gida. Bayan ɗawafin bankwana tsohon ya fita da baya-baya, yana kuka, ana riƙe da shi kada ya faɗi, ya ƙi ba ɗakin Allah ƙeya har sai da gini ya shiga tsakaninsu. Malamai sun ce ba dole ba ne, amma mutanenmu da suka taka ƙasa shekara da shekaru kafin su iso ba sa jin wannan. Mai wannan sawu ba ɓoye kansa yake yi ba. Bankwana yake yi.

Ya gangara cikin tsakuwar yana duba duwatsun da aka juya. A ƙasa akwai tsohuwar matoyar farar ƙasa da aka daina amfani da ita. Ya zura hannu a bakinta, ya jawo wata tsohuwar tabarmar kaba a naɗe, an ɗaure ta da gefen zane. Da ya ji nauyinta bai ma kwance ba.

Ya zauna a kan dutse da ita a cinya. Ya samo darbil, amma bai ceci kowa ba tukuna. Shehu zai ce Yunus ne ya ɓoye. In kuwa ya faɗi mai tabarmar, ya ceci hannu ɗaya ya ba da wani. Tun da yake bin sawu bai taɓa jin ya tsani sana'arsa ba sai ranar.

* * *

Bayan la'asar ya sa aka tara kowa a ɗakin bene. Shehu Mahmudu ya zauna a kan taga, Malam Abdulganiyyu ya dogara sandarsa, Baraka yana haki saboda hawa. Tsofaffi suka jeru a bango. Yunus ne ya goyo na ƙarshensu, ya sauke shi a hankali, sannan ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Lurwanu ya ajiye naɗin tabarmar a tsakiya ya kwance. Tagulla ta yi walƙiya. Ɗakin ya ɗauki salati.

"Alhamdu lillahi," in ji Shehu. "A ina ya ɓoye shi?"

"A matoyar farar ƙasa. Amma a yi haƙuri, Shehu, ba mutum biyu ba ne suka hawo. Mutum ɗaya ne, daga cikin gidan nan. Ya sauka da kaya a ka, ya dawo babu kaya. Ba Baraka ba ne, ƙafarsa ta yi girma. Ba Malam ba ne, babu sanda. Mara nauyi ne, gajeren taku."

"To me ya sa duk sawun yake kallon gida?"

"Don da baya-baya ya sauka, har inda Harami ya ɓace masa, sannan ya juya."

Tsofaffin suka dubi juna. Ba sai an yi musu bayani ba, kowannensu ya san wanda ke tafiya haka. Tsohuwar mai koko ta dubi tabarmar, ta dafe baki.

"Ni ne," in ji Yunus daga bakin ƙofa. "Ni na ɗauka. A bar maganar haka, Shehu, mu tafi."

"Kai kuwa Yunus," in ji Lurwanu a hankali, "ko gyaɗa ka taka sai ta zama ƙuli. Ba sawunka ba ne."

"Na ce ni ne!"

"Ƙarya yake yi!"

Inna Rumasa'u ce. Ta dafa bango ta miƙe. "Ƙarya yake yi, Allah ya sani. Tabarmata ce. Yaron nan tun shekaranjiya ya gane, ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, ina kallo za a yanke masa hannu, tsoro ya ɗaure mini baki. Kaicona."

"Inna," in ji Shehu, ya rasa ta inda zai kama, "me za ki yi da darbil?"

"Malam zan kai wa."

Malam ɗin da take nufi mijinta ne. Tare suka baro gida, ta ce, suna tafiya suna noma a gonakin mutane. A wani ƙauye a bakin kogi a Sudan ƙafafunsa suka mutu. Ya ce ta wuce, ta gano musu ɗakin Allah su biyu, ta dawo ta ba shi labari. Ta iso, ta yi hajji, guzurin komawa ya gagara, shekaru suka yi ta wucewa har ta ɗauka ya rasu. Sai bana wasu alhazai suka ce mata yana nan da rai, a kwance, idonsa garau, duk wanda ya fito daga gabas sai ya tambaye shi ita. Su ne suka ce za su tafi da ita, motarsu tana jira a hanyar Jidda.

"Na ce me zan gaya masa? Bakina ba zai iya ba. Kullum na leƙa cikin abin nan ina ganin ɗakin Allah, ban taɓa ganin wani abu dabam a ciki ba. Na ce a ciki yake zaune. In kai masa ya leƙa sau ɗaya, in ba masu zuwa hajjin baɗi su dawo da shi." Ta share ido da gefen mayafi. "Da na kai ƙasa na ce bari in duba ko ya jijjiga. Na leƙa. Babu. Sai dutse da wata akuya. Na juya shi ko'ina, babu. Na san Allah ya yi fushi da ni, ya ɗauke ɗakinsa daga ciki. Na lalata wa bayin Allah nan abinsu. Da wane ido zan dawo da shi wofi? Da wane ido zan je wa Malam?"

Babu wanda ya yi dariya, ko Baraka. Shehu Mahmudu ya yi ta murza gemu. "Duk da haka sata sata ce. In hukuma ta ji mun rufe..."

"Hukuma ta ji me?" Malam Abdulganiyyu ya buga sandarsa a ƙasa. "Ɗaki ba kulle. Ta ɗauka da niyyar mayarwa. Kaya ya dawo, magana ba ta kai gaban alƙali ba. Babu haddi a nan, ko a wane littafi. Jahilci ne, maganinsa kuwa karantarwa. Na gaya muku ƙarfen nan zai rikita tsofaffi, ga shi." Ya juya ga Yunus a fusace. "Kai kuma da kake rantsuwa a kan ƙarya, tsaya kallona kake? Mayar da shi inda yake!"

Yunus ya ɗauki darbil ya ɗora a kan ƙafafunsa, ya sa ƙusar, ya ɗaure. Ya kafa ido ya juya shi kaɗan, ya sake juyawa. Sannan ya je ya kamo Inna Rumasa'u.

"Ba zan iya ba," ta ce.

"Leƙa dai, Inna."

Ta kafa ido. Ta daɗe ba ta motsa ba. "Ya dawo," ta ce da ƙyar. "Wayyo Allah, ya dawo."

"Bai taɓa tafiya ba," in ji Malam Abdulganiyyu, muryarsa ta sauka. "Yana can inda yake. Ki je ki gaya wa mijinki abin da kika gani, ya ishe shi."

* * *

Motar alhazan ba ta tashi ba, ana ta gyaranta, sai ranar Juma'a da safe. Tsohuwar mai koko ta mayar da tukunya, Inna Rumasa'u ta ƙi karɓa. Baraka ya aiko da 'yar butar tagulla a kai wa mai jinya.

Lurwanu ya zo rakiya. A bakin hanyar baya Inna Rumasa'u ta ɗora ƙunshinta a ka, ta juya ta fuskanci Harami, ta fara taka ƙasa da baya-baya. Malam Abdulganiyyu ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe. Gangaren yana da santsi, ta yi taga-taga. Yunus ya yi wuf ya miƙa mata hannunsa na dama, ta riƙe da nata biyu, suka ci gaba a hankali, ita tana kallon hasumiyoyi, shi yana duba mata hanya.

Lurwanu ya biyo su daga baya, kansa a sunkuye kamar kullum. Mutumin hukuma zai hawo bayan salla, kuma ba a san irin idon da Allah ya ba shi ba. Saboda haka duk sawun da tsohuwar ta bari, da na yau da na ran Litinin, sai ya sa gefen takalminsa ya share.